ROSALIND FRANKLIN DA IGIYAR GADO

1. Iri ba ya mantuwa

Manomin albasa na fadamar Tarka, kusa da Madawa, ba ya sayen iri a hannun kowa da kowa. Irin albasar Galmi yake nema. Ya san in ya shuka shi, albasar Galmi ce za ta fito, da launinta da yajinta. Makiyayin Buza ya san jar akuya takan haifi ja. A Keita, in an ga yaro a kasuwa, sau da yawa akan gane gidansu tun bai buɗe baki ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, ina kamannin nan ke ɓoye?

Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sunansu ƙwayoyin halitta. In aka sa siririn ɓawon albasa ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a gan su jere kamar tubalin gini. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare siriri. A faransanci ana kiran shi ADN, a ingilishi kuma DNA. A jikin zaren nan aka rubuta gadon halitta duka.

Mutum yana farawa daga ƙwaya ɗaya tak. Ƙwayar ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas, har jiki ya cika. Kowace sabuwar ƙwaya sai ta samu nata zaren, cikakke. Ke nan kafin ƙwaya ta rabu, tilas ta kwafi zarenta tun daga farko har ƙarshe.

Ta yaya take kwafar shi? Masana sun daɗe ba su sani ba, domin ba su san siffar zaren ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gano siffar wata mata ce ta ƙasar Ingila, mai suna Rosalind Franklin.

2. Yarinya mai son lissafi

An haifi Rosalind a birnin Landan ran 25 ga watan Yuli, shekara ta 1920. Iyayenta Yahudawa ne masu hali. Ubanta, Ellis Franklin, yana aikin banki. Da dare kuma yakan koyar da ma'aikata a wata makarantar manya. Su biyar ne a ɗakinsu, ita ce ta biyu, ita ce kuma babbar ɗiya mace.

Tun tana ƴar shekara shida gwaggonta ta lura da ita. Ta ga yarinyar tana zama tana lissafi don jin daɗi kawai, kuma ba ta cika yin kuskure ba. Da ta kai shekara 11 aka sa ta makarantar ƴan mata ta Saint Paul. A zamanin nan makarantun ƴan mata da ke koyar da kimiyya kaɗan ne, wannan tana cikinsu. Rosalind ta yi fice a kimiyya, da harsuna, da wasannin motsa jiki.

A shekara ta 1938 ta shiga jami'ar Kambirij don ta karanta ilmin haɗa sinadarai. Lokacin duniya ba ta kwance ba. Hitila yana mulkin Jamus, yana tsananta wa Yahudawa. Gidan su Rosalind sun taimaki waɗanda suka gudo, har sun karɓi yara ƴan gudun hijira a gidansu. Shekara ɗaya bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

Rosalind ta gama karatu a 1941. Ta ci jarrabawa daidai da maza, amma ba a ba ta cikakken digiri ba. Jami'ar Kambirij ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai bayan yaƙi.

3. Daga gawayi zuwa Faransa

A 1942 ta kama aiki a wata ma'aikata mai binciken gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙa a Anu Araren, cikin jihar Agadas. Ingila tana cikin yaƙi, kuma da gawayin nan take tafiyar da masana'antunta da jiragen ƙasa. Rosalind ta auna ƙananan ramuka da ke cikin gawayi. Ta nuna abin da ya sa wani gawayi ke barin ruwa da iska su ratsa shi, wani kuma ba ya bari. Da dare takan yi sintiri a unguwa tare da masu gargaɗin mutane in jiragen yaƙi sun taso. Da wannan bincike na gawayi ta samu digirin dokta a 1945.

A Kambirij ta yi abota da wata masaniya Bafaransa, Adrienne Weill, wadda ta gudo daga yaƙi. A wurinta Rosalind ta ƙara gogewa da faransanci. Ita ce kuma ta taimaka mata ta samu aiki a birnin Paris a 1947. Harshe na biyu ya buɗe mata ƙofar da harshe ɗaya ba zai buɗe ba.

A Paris wani masani mai suna Jacques Mering ya koya mata aiki da hasken X. Shi ne hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, abin da mutane ke kira radiyo. Amma aikin Rosalind ya bambanta da na likita. Dubi yadda rana ke ratsa zana, ta bar ɗigo-ɗigon haske a ƙasa. Mai lura zai iya duban ɗigon nan ya faɗi yadda aka saƙa zanar, ko bai gan ta ba. Aikinta ya yi kama da haka. Takan harba hasken X cikin ɗan ƙaramin abu. Hasken ya warwatsu, ya bar tabo-tabo a kan fim. Sai ta auna tabon, ta zauna ta yi lissafi na makonni, har ta gano yadda abin yake jere daga ciki.

Ta yi kusan shekara huɗu a Faransa cikin jin daɗi. In an yi hutu takan tafi hawan manyan duwatsu. Kafin ta bar Paris, ta zama gwana a wannan aiki.

4. Hoto na 51

A watan Janairu na 1951 ta koma Landan, ta shiga kwalejin King's. Shugaban sashen, John Randall, ya rubuta mata cewa ita ce za ta riƙe binciken ADN da hasken X, tare da wani ɗalibi mai suna Raymond Gosling. Amma akwai wani masani a wurin, Maurice Wilkins, wanda ya riga ya fara wannan aiki. Ba a faɗa masa abin da aka rubuta mata ba. Shi yana ganin an kawo masa mataimakiya, ita kuwa tana ganin aikin nata ne. Tun daga nan ba su jitu ba. Ga shi kuma a kwalejin akwai ɗakin cin abinci na manyan malamai da mata ba su shiga.

Rosalind ta mai da hankali ga aikinta. Zaren ADN da take aiki da shi daga jikin maraƙi aka ciro shi. Yawancin hotunan da aka ɗauka kafin zuwanta dishi-dishi ne. Ta gano dalili. Mai saƙar tabarma ya san kaba busassa daban take da jiƙaƙƙiya. Haka ADN yake. In ya ɗan bushe yana da siffa ɗaya, gajera. In ya sha laima sai ya miƙe, ya ɗauki wata siffar. Masu binciken farko suna ɗaukar hoton siffa biyu a cakuɗe ba su sani ba. Rosalind ta daidaita laimar da ke cikin na'urarta, ta raba su. Busasshen aka kira siffar A, jiƙaƙƙen siffar B.

A lokacin nan wasu masana biyu a Kambirij, James Watson da Francis Crick, su ma suna neman siffar ADN. Su ba su ɗaukar hoto. Suna harhaɗa ƙarafa da wayoyi ne, suna gwada siffa iri-iri. A ƙarshen 1951 suka gina siffa mai sili uku, suka gayyaci mutanen King's su gani. Rosalind ta duba, ta nuna musu ba ta dace da awo ba. Sun sa ƙashin bayan zaren a tsakiya, alhali awonta ya nuna a waje yake, inda ruwa ke taɓa shi.

A watan Mayu na 1952, ita da Gosling suka ɗauki hoton siffar B. Sun bar hasken yana dukan zaren fiye da kwana biyu. Da aka wanke fim ɗin, sai ga baƙaƙen tabo sun jeru sun yi gicciye, fes. Wannan shi ne hoto na 51. Ga wanda ya san aikin, gicciyen nan alama ce ta abu murɗaɗɗe kamar igiya.

Rosalind ba ta yi gaggawar shela ba. Halinta ne ba ta faɗin abu sai awo ya tabbatar da shi. Ta ci gaba da lissafi. Littattafan aikinta sun nuna cewa a watan Fabrairu na 1953 ta riga ta gane zaren sili biyu ne murɗaɗɗu.

Amma kafin nan, a watan Janairu na 1953, Wilkins ya nuna wa Watson hoto na 51 ba da saninta ba. Bayan ƴan kwanaki kuma wani rahoto mai ɗauke da awonta ya shiga hannun Crick. Da waɗannan, da kuma nasu tunani, su biyun suka gina siffar da ta dace a farkon watan Maris. Ran 25 ga Afrilu 1953 mujallar kimiyya ta Nature ta buga bayani uku tare: na Watson da Crick, da na Wilkins da abokan aikinsa, da na Rosalind da Gosling mai ɗauke da hoto na 51. Nata ya zo na uku. Masu karatu da yawa suka ɗauka aikinta ya zo ne daga baya don ya gaskata na farko, alhali da awonta aka gina shi.

5. Warwara da tufka

Ga siffar da aka gano. ADN kamar igiya yake mai sili biyu da aka tufka. Tsakanin silin biyu akwai ƴan sanduna a gicce, kamar matakan tsani. Kowane murɗi ɗaya yana da mataki kimanin 10. Zaren siriri ne ƙwarai: sai an jera dubu 500 gefe da gefe kafin su cika milimita ɗaya.

Kowane mataki sinadari biyu ne suka kama hannun juna, ɗaya daga wannan sili, ɗaya daga wancan. Sinadaran iri huɗu ne kawai, ana kiran su da haruffa: A, T, G, C. Suna da doka ɗaya da ba ta canzawa. A ba ya kama kowa sai T. G ba ya kama kowa sai C. Saboda haka in sili ɗaya yana ɗauke da A, G, G, T, C, ba sai an duba ɗayan ba. Tilas T, C, C, A, G ne.

Asirin kwafi a nan yake. In ƙwaya za ta rabu, sai igiyar ta warware, silin biyu su rabu. Haruffan kowane sili su zauna a buɗe. Sai sababbin haruffa da ke yawo cikin ƙwayar su zo, kowane ya kama abokinsa: T ga A, C ga G. Ta haka kowane tsohon sili ke samun sabon abokin tufka. Igiya ɗaya ta zama biyu, iri ɗaya sak. Ƙwayar ta rabu, kowane ɓangare ya tafi da igiya ɗaya. In aiki ba ya ci gaba, Hausawa kan ce ana tufka ana warwara. A cikin ƙwayar halitta kuwa, da warwara da tufka rai ke ci gaba.

Watson da Crick sun kawo wannan bayani a 1953, amma sai da aka gwada shi. A 1956 wani Ba'amurke, Arthur Kornberg, ya gano ɗaya daga cikin sinadaran da ke jera sababbin haruffa a kan tsohon sili. A 1958 wasu Amurkawa biyu, Matthew Meselson da Franklin Stahl, suka bayyana gwajin da suka yi da ƙwayoyin bakteriya. Sun ciyar da su abinci mai wani sinadari mai nauyi, har zarensu ya yi nauyi. Sannan suka mai da su kan abinci marar nauyi. Bayan rabuwa ɗaya, suka auna. Kowace igiya ta fito tsaka-tsaki: sili ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi. Kamar a ce an warware igiyar da aka tufka da jar kaba, aka sake tufka kowane jan sili da farar kaba. A 1968 kuma wani masani ɗan Japan, Reiji Okazaki, da matarsa Tsuneko, suka nuna cewa ɗaya daga cikin sababbin silin guntu-guntu ake yin shi, sannan a haɗa.

Aikin ba ƙarami ba ne. In aka miƙe zaren da ke cikin ƙwayar mutum guda ɗaya, zai kai kimanin mita 2. Yana da mataki wajen miliyar 6, an kasa shi ƙulli 46. Albasa ƙulli 16 take da shi, amma zarenta ya fi na mutum tsawo kusan sau biyar. Ƙwayar mutum takan kwafe nata cikin awa takwas ko kusa da haka, domin tana fara aikin a wurare dubbai lokaci guda. Tana kuma duba abin da ta rubuta, ta gyara, kamar almajirin da ke bin allonsa harafi-harafi. Bayan gyara, kuskuren da ke saura bai cika wuce ɗaya cikin miliyar ba.

Wani lokaci kuskure yakan tsira, a yi ta kwafar shi daga iyaye zuwa ƴaƴa. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, haka yake. Harafi ɗaya ne ya canza, T ya zauna wurin A, a sashen da ke tsara jan jini. Yaron da ya gaji canjin daga uwa da uba duka shi ne ke ciwo. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ita kaɗai ba ne. Awon jini kafin aure yana nuna mai ɗauke da shi.

6. Shekarun ƙarshe

Rosalind ta bar King's a watan Maris na 1953, ta koma kwalejin Birkbeck, nan cikin Landan. Ta bar ADN, ta kama binciken birus, wato ƙwayoyin cuta mafi ƙanƙanta. Ta fara da wanda ke ɓata ganyen taba. Ta tara matasan masana, cikinsu da Aaron Klug. Suka nuna cewa birus ɗin kamar bututu yake, mai rami a tsakiya, da zaren gadonsa a naɗe cikin bangonsa. A shekarun nan ta shirya da Crick da matarsa, har suka zama abokai.

A 1956, tana cikin tafiya a Amurka, ta fara jin ciwo a ciki. Da ta koma gida likitoci suka ga ciwon daji ne. Aka yi mata aiki. Duk lokacin da ta ɗan samu sauƙi sai ta koma ɗakin bincike. Har ta fara aiki a kan birus ɗin shan-inna, cutar da ke gurgunta yara.

Ta rasu ran 16 ga Afrilu 1958, tana da shekara 37. Washegari aka buɗe babban bajekolin duniya a birnin Burusel na ƙasar Beljik. Cikin abubuwan da aka nuna har da babbar siffar birus ɗin taba, wadda ita da abokan aikinta suka shirya.

A 1962 aka ba Watson da Crick da Wilkins lambar Nobel saboda siffar ADN. Ba a ba mamaci wannan lamba. A 1968 Watson ya fitar da littafi kan yadda aka gano siffar. A ciki ya yi mata ba'a, amma a ciki ne kuma mutane suka karanta yadda ya ga hoto na 51. Waɗanda suka san ta ba su yi shiru ba. Aaron Klug ya bi littattafan aikinta shafi-shafi, ya nuna wa duniya inda ta kai. Shi ma ya samu lambar Nobel a 1982, kan aikin da ya ɗora bisa wanda suka fara tare. A 2004 aka sa wa wata jami'ar likitanci ta Amurka sunanta. A 2020, shekara ɗari da haihuwarta, Ingila ta buga kuɗin ƙarfe mai ɗauke da sunanta da zanen hoto na 51.

KALMOMI

Ƙwayar halitta: ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi.
ADN: zaren da ke ɗauke da gadon halitta.
Sili: zare ɗaya daga cikin waɗanda aka tufka igiya da su.
Miliyar: miliyan dubu.
Birus: ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka haifi Rosalind Franklin, kuma a wane birni?
2. Wane amfani faransanci ya yi mata?
3. Me ya sa hotunan ADN na farko suka yi dishi-dishi?
4. In sili ɗaya yana ɗauke da G, A, T, T, C, A, me ke jikin ɗayan?
5. Me Meselson da Stahl suka gani bayan rabuwa ɗaya?
6. Wilkins ya nuna hoto na 51 ba da sanin Rosalind ba. Me ya kamata ya yi? Ku tattauna.

AIKI

a) Ku kawo guntun igiya mai sili biyu daga gida. Ku warware ta. Ku tufka kowane sili da sabuwar kaba mai wani launi. Igiya nawa kuka samu? Ina tsohuwar igiyar take yanzu?

b) Yara goma sha biyu su fito fili, kowa da allonsa. Shida su jeru, kowane ya rubuta harafi ɗaya: A, T, G ko C. Sauran shidan su tsaya gabansu, kowane ya rubuta harafin da ya dace da na abokinsa, su kama hannu. Sai layin biyu su saki juna, su ja da baya. Wasu yara goma sha biyu su zo, kowane ya tsaya gaban ɗaya, ya rubuta harafin da ya dace. Ku karanta jeri biyun da kuka samu, ku gwada su.

c) Ku ɗora albasa a bakin kwalba mai ruwa, gindinta yana taɓa ruwan. Ku auna saiwoyinta kowace safiya har kwana bakwai, ku rubuta tsawonsu cikin milimita. A bakin kowace saiwa ƙwayoyi ne ke kwafar zarensu, suna rabuwa.